Ina gane madauki idan na karanta, amma ina kasa rubuta shi da kaina

Ɗaliba_Sabuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Wata na biyu ke nan da na fara koyon rubuta manhaja da harshen Python, kuma har zuwa makon da ya gabata komai yana tafiya daidai, domin na fahimci yadda ake ajiye lamba a ma'ajiya da yadda ake amfani da `if` wajen zaɓar hanya. Da muka iso kan madauki, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta maimaita aiki ɗaya sau da yawa, sai na tsaya cak. Abin da ya fi damuna shi ne idan aka rubuta misali a allo ina bin sa layi-layi ina ganewa, har in ji kamar babu wata wahala a ciki, amma da zarar an ba ni aikin gida na zauna ni kaɗai, sai in rasa ta inda zan fara, ko kuma in rubuta abin da kwamfuta ta karɓa ba tare da ta nuna kuskure ba, alhali amsar da ta bayar ba daidai ba ce.

Ga misalai biyu. An ce mu tara lambobi daga 1 zuwa 100, na rubuta haka:

```
jimla = 0
for i in range(1, 100):
    jimla = jimla + i
print(jimla)
```

Ya ba ni 4950, ni kuwa na san amsar ita ce 5050. Na biyun kuma, an ce mu riƙa karɓar makin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya har sai an shigar da -1, sannan mu fitar da matsakaicin makin:

```
jimla = 0
adadi = 0
maki = 0
while maki != -1:
    maki = int(input("Shigar da maki: "))
    jimla = jimla + maki
    adadi = adadi + 1
print(jimla / adadi)
```

Na shigar da 70 da 80 da 90, sannan -1, ina sa ran ganin 80, sai na ga 59.75. Na yi fiye da awa guda ina canza wurin layuka ina sake gwadawa, kuma a wani gwajin ma shirin ya ƙi tsayawa gaba ɗaya har sai da na rufe shi da ƙarfi.

Ba amsar waɗannan biyun kaɗai nake nema ba, domin na san idan aka gyara mini su gobe zan sake faɗawa irin wannan rami. Ina so a nuna mini yadda ake atisaye a kan madauki, da irin tambayoyin da ya kamata in riƙa gwada kaina da su, da kuma yadda zan san lokacin da ya dace in ɗauki `for` da lokacin da ya dace in ɗauki `while`. Allah ya saka da alheri.

Malamin_Kwamfuta ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Halin da kika kwatanta na sha ganin sa a wajen ɗalibai, kuma dalilinsa a bayyane yake: idan kina karanta madauki, idonki yana ganin layuka huɗu ne a tsaye, amma abin da kwamfuta take yi shi ne zagaye ɗari, kowanne da tasa ƙimar a cikin ma'ajiya. Wanda bai saba ganin wannan motsi a zuciyarsa ba zai iya karantawa ya yarda, amma ba zai iya ƙirƙira ba. Maganin da na fi amincewa da shi shi ne biro da takarda. Kafin ki danna maɓallin gudanarwa, ki zana tebur, kowace ma'ajiya da nata ginshiƙin, kowane zagaye da nasa layin, ki zama ke ce kwamfutar. Ga yadda shirinki na biyu zai kasance:

```
zagaye   maki   jimla   adadi
farko      0      0       0
1         70     70       1
2         80    150       2
3         90    240       3
4         -1    239       4
```

Ki dubi layin ƙarshe da kyau. Da kika shigar da -1, kwamfuta ba ta koma duba sharaɗin nan take ba, domin `while` ba ya duba sharaɗinsa sai a farkon kowane zagaye. Saboda haka sai da ta gama layukan da suka rage, ta haɗa -1 cikin jimla, ta ƙirga shi a matsayin ɗalibi na huɗu, sannan ta koma sama ta tarar lokacin fita ya yi. Idan aka raba 239 gida 4 kuwa, 59.75 ake samu. Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa sharaɗin yana tsaye ne kamar mai gadi yana lura da kowane layi, da zarar ya karye sai a fice, kuma wannan zato shi ne tushen kurakurai masu yawa. Gyaran da aka saba yi shi ne a karɓi maki na farko kafin a shiga madauki, sannan a karɓi na gaba a ƙarshen kowane zagaye, ta yadda duk makin da aka karɓa sai ya bi ta gaban sharaɗi kafin a taɓa shi:

```
jimla = 0
adadi = 0
maki = int(input("Shigar da maki: "))
while maki != -1:
    jimla = jimla + maki
    adadi = adadi + 1
    maki = int(input("Shigar da maki: "))
if adadi > 0:
    print(jimla / adadi)
else:
    print("Ba a shigar da maki ko ɗaya ba")
```

Na ƙara `if` a ƙarshe ne domin idan mutum ya fara da -1, madaukin ba zai zagaya ko sau ɗaya ba, `adadi` zai tsaya a sifili, kuma rabawa da sifili tana tsayar da shiri da kuskure. Kada ki ga kamar ke kaɗai wannan tambaya ta kayar. Tun a shekarun 1980 wani mai bincike, Elliot Soloway, ya yi amfani da kusan irinta wajen nazarin yadda masu koyo suke tunani: a riƙa karɓar adadin ruwan saman da aka yi kowace rana har sai an shigar da 99999, a fitar da matsakaici. Har yau masu binciken koyar da kwamfuta suna komawa gare ta, saboda ta haɗa ƙananan ayyuka da yawa a wuri guda, wato tarawa da ƙirgawa da gane alamar tsayawa da kaucewa rabawa da sifili, kuma wahalar tana cikin haɗa su ne.

Shirinki na farko kuwa, bambancin 5050 da 4950 ɗari ne cif, wanda ke nuna cewa lambar ƙarshe ce ta faɗi. `range(1, 100)` yana farawa daga 1 ya tsaya a 99, domin iyakar farko tana ciki, ta ƙarshe kuwa ba ta ciki, sai ki rubuta `range(1, 101)`. Wannan tsari da gangan aka zaɓe shi, kuma Edsger Dijkstra ya yi ɗan gajeren rubutu a 1982 yana kare irinsa. Idan kika cire iyakar farko daga ta ƙarshe, nan take za ki san yawan zagayen: `range(1, 100)` zagaye 99 ne, `range(0, 5)` zagaye 5 ne. Haka kuma `range(0, 5)` da `range(5, 10)` suna haɗuwa baki da baki, babu lambar da aka maimaita, babu wadda aka tsallake. Idan kika riƙe wannan lissafin ragewa, za ki riƙa kama kuskuren tun kafin ki gudanar da shiri.

Game da zaɓi tsakanin biyun, ki tambayi kanki ko kin san yawan zagayen kafin a fara. Idan kin sani, ko kuma kina da jerin abubuwan da za ki bi ɗaya-ɗaya, `for` ne ya dace. Idan kuwa tsayawa ta dogara da wani abin da zai faru a tsakiyar aiki, kamar shigar da -1, to `while` ne. Ina ba ɗalibaina shawara su ɗauki kowane `for` da suka rubuta su sake rubuta shi da `while`, domin a nan ne ake ganin abubuwa uku da `for` ke ɓoyewa: inda ake ba ma'ajiya ƙimar farko, da sharaɗin ci gaba, da layin da ke matsar da ita gaba.

Injiniyan_Manhaja ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya ne a kan abin da kika ambata a taƙaice, wato lokacin da shirin ya ƙi tsayawa, domin a wurin aiki wannan ya fi kuskuren lamba ɗaya haɗari. Da farko, idan hakan ta sake faruwa ba sai kin rufe komai ba, ki danna Ctrl da C tare a tagar da shirin yake gudana, Python zai katse shi ya nuna miki layin da yake kai a lokacin.

Duk `while` da zan rubuta, sai na amsa wa kaina tambaya guda: wane abu ne yake canzawa a kowane zagaye wanda yake kusantar da ni ga fita? Kuma dole amsar ta kasance gaskiya a kowace hanyar da shirin zai iya bi a cikin madaukin, har da hanyar da ba a cika bi ba. Akwai sanannen misali a kan haka. Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraron kiɗa na Zune masu gigabait 30 na kamfanin Microsoft sun daskare a wurare daban-daban a rana guda. Abin da ya faru shi ne akwai wani madauki da ke lissafa shekarar da ake ciki daga yawan kwanakin da suka wuce tun 1980. Muddin kwanakin sun haura 365, zai cire kwanakin shekara guda ya ƙara 1 a kan shekara, amma idan shekarar mai kwana 366 ce, ba ya cirewa sai kwanakin sun haura 366. Shekarar 2008 mai kwana 366 ce, kuma a ranarta ta ƙarshe saura ya zama 366 daidai. Ya haura 365, don haka madaukin bai fita ba. Bai haura 366 ba, don haka ba a cire komai ba. Kowane zagaye ya zama kamar wanda ya gabace shi, na'urar ta yi ta juyawa a wuri guda, kuma shawarar da aka ba masu ita ita ce su bar batirin ya ƙare su jira sabuwar shekara ta shiga. Ƙwararru ne suka rubuta wannan, kuma da an gwada shi da lamba 366 sau ɗaya tak, da an gani.

Wani tarkon da nake so ki sani tun yanzu shi ne na lambobi masu ɗigo. Ki gwada wannan, hannunki yana kusa da Ctrl da C:

```
x = 0.0
while x != 1.0:
    x = x + 0.1
```

A lissafin takarda zagaye goma ya isa. A kwamfuta kuwa ba zai tsaya ba, saboda 0.1 ba ta da cikakkiyar siffa a tsarin 0 da 1 da kwamfuta ke ajiye lambobi da shi, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa idan aka rubuta shi 0.333. Bayan zagaye goma `x` zai zama 0.9999999999999999, na goma sha ɗaya kuma ya tsallake 1.0 ya wuce. Saboda haka idan lambar mai ɗigo ce, ki guji `!=` da `==` a sharaɗin madauki, ki yi amfani da `<`, ko kuma mafi kyau ki ƙirga zagayen da cikakkiyar lamba.

Inda na ɗan bambanta da Malam, cikin girmamawa, shi ne batun takarda. Na yarda da ita ƙwarai ga zagaye huɗu ko biyar, amma na ga masu koyo da suke cika tebur da abin da suke zaton kwamfuta za ta yi, su maimaita kuskuren da ke kansu a kan takardar. Wanda ya ɗauka sharaɗi yana aiki a tsakiyar zagaye, ai a teburinsa ma zai tsaya a 240. Don haka ina ganin a haɗa biyun: ki cika teburin da hannu tukuna, sannan ki sa `print` a cikin madaukin ya buga dukan ma'ajiyoyin a kowane zagaye, ki kwatanta layi da layi. Wurin da teburinki ya saɓa da na kwamfuta, a nan ne fahimtarki take da gyara. Akwai kuma shafin Python Tutor, wanda Philip Guo ya ƙirƙira, inda za ki liƙa shirinki ki riƙa matsawa mataki-mataki gaba da baya kina kallon yadda ƙimomin suke canzawa. Kyauta ne, kuma ba ya bukatar ki sauke komai.

Yaya_Mai_Lissafi ta amsa:

Ƙanwata, kin tambayi irin atisayen da za ki riƙa yi, bari in gaya miki waɗanda suka taimake ni lokacin da nake matakin da kike. Na lura cewa yawancin tambayoyin matakin farko ayyuka kaɗan ne suke sake dawowa cikin sabuwar kama: ko tarawa, ko ƙirga masu cika wani sharaɗi, ko neman mafi girma da mafi ƙanƙanta, ko bincika ko wani abu yana cikin jeri. Sai na ɗauki jeri ɗaya na lambobi bakwai na yi masa duk waɗannan da hannuna, ba tare da `sum` ko `max` ko `len` ba. Waɗannan umarnan suna da kyau kuma za ki yi amfani da su nan gaba, amma a yanzu suna yi miki aikin da kike son koya ne. Washegari kuma sai in rufe abin da na rubuta in sake rubutawa daga ka. Sake rubutawar ce ta fi amfanar da ni, fiye da neman sababbin tambayoyi kullum.

Ga `while`, wanda na fi so shi ne hanyar Yuklid, masanin lissafin nan na Girka wanda ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ta neman babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba tare da saura ba:

```
a = 48
b = 18
while b != 0:
    a, b = b, a % b
print(a)
```

Alamar `%` tana bayar da abin da ya saura bayan rabawa. Ki bi shi a tebur: 48 da 18 za su koma 18 da 12, sannan 12 da 6, sannan 6 da 0, amsa 6, cikin zagaye uku. Kyawunsa shi ne yana amsa tambayar Injiniya a fili, domin saura kullum ya gaza lambar da aka raba da ita, saboda haka `b` yana raguwa a kowane zagaye kuma babu makawa sai ya kai sifili. Bayan shi sai ki gwada jerin da ake dangantawa da Lothar Collatz tun 1937: ki ɗauki lamba, idan 2 tana raba ta ba saura ki raba, idan ba haka ba ki ninka ta sau 3 ki ƙara 1, ki ci gaba har ki kai 1, kina ƙirga matakan. Lamba 6 tana ɗaukar mataki 8. Lamba 27 kuwa tana ɗaukar mataki 111, kuma sai ta hau har 9232 kafin ta sauko. Waɗannan alƙaluman za su zame miki ma'aunin da za ki gane ko shirinki daidai ne. Abin mamakin shi ne har yanzu babu wanda ya tabbatar da hujjar lissafi cewa wannan madauki yana tsayawa ga kowace lamba, ko da yake duk wadda aka gwada ta tsaya.

Idan kin ji ƙafarki ta tsaya, sai ki shiga madauki a cikin madauki. Ki fara da jadawalin ninkawa, ko da wannan:

```
for layi in range(1, 5):
    for j in range(layi):
        print("*", end="")
    print()
```

Kafin ki gudanar, ki zana a takarda siffar da kike tsammani, sannan ki matsar da `print()` na ƙarshe ciki da tazara huɗu ki ga yadda siffar za ta lalace. Na ciki yana gama dukan zagayensa a kowane zagaye ɗaya na na waje, kamar yadda hannun minti yake kewaya agogo gaba ɗaya kafin hannun awa ya matsa lamba guda. Wannan kuma yana nufin zagayen ninkuwa suke yi, idan kowanne dubu ne, jimlarsu miliyan ce.

Gargaɗi ɗaya daga abin da ya taɓa cinye mini yini guda: kada ki riƙa cire abu daga jeri alhali `for` yana tafiya a kansa. Idan kika ɗauki `[2, 4, 6, 8]` kika ce a cire duk lambar da 2 ke rabawa, za ki zaci jerin zai zama fanko, amma `[4, 8]` zai rage. Da aka cire 2, sauran suka matso gaba, 4 ta koma matsayin da aka riga aka wuce, sai madaukin ya tsallake ta, haka ma 8. Ki gina sabon jeri ki riƙa zuba waɗanda kike son bari a ciki.

Ɗaliba_Sabuwa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Injiniya da Yaya, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Na kwana biyu ina aiki da abin da kuka faɗa. Gaskiyar Injiniya ce, domin da na rufe amsar Malam na cika teburin da kaina, a 240 na tsaya, sai da na sa `print` a ciki na ga 239 da idona sannan abin ya zauna mini. Na rubuta na Yuklid da na Collatz, kuma 27 ta ba ni 111, bayan da farko ta ba ni 112 saboda na fara ƙirgar daga 1 maimakon 0. Wannan karon ban yi minti biyar ba na gano inda matsalar take.

Sai dai na sake cin karo da wani abu a atisayen neman mafi girma. Ga abin da na rubuta:

```
babba = 0
for n in lambobi:
    if n > babba:
        babba = n
print(babba)
```

Da makin ɗalibai yana aiki lafiya lau. Amma da na tuna shawarar gwada lambobin da ba a saba ba, sai na ba shi -5 da -2 da -9, ya ce mini 0, lambar da ba ta cikin jerin sam. Na yi tebur na ga cewa `if` bai taɓa cika ba, don haka na gane yadda abin ya faru. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa farawa da sifili ya yi daidai a tarawa amma bai yi daidai a nan ba. Na yi tunanin in fara da wata lamba mai ƙanƙanta sosai kamar -1000000, sai dai zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Malamin_Kwamfuta ya sake amsawa:

Madalla, 'yar'uwa, kuma na karɓi gyaran Injiniya game da haɗa takarda da `print`. Rashin kwanciyar zuciyarki da -1000000 yana kan hanya, domin duk lambar da kika zaɓa, wata rana za a kawo jerin da dukan lambobinsa suka gaza ta.

Ga hanyar da za ki riƙa bi wajen zaɓar ƙimar farko. Ki rubuta jimla guda da Hausa wadda ke faɗin ma'anar ma'ajiyar, kuma wadda take gaskiya kafin a shiga madauki da kuma bayan kowane zagaye. Masana irin su Robert Floyd da Tony Hoare sun gina hanyar tabbatar da ingancin shiri a kan wannan tunani a ƙarshen shekarun 1960, amma mai koyo ma yana iya amfani da shi ba tare da alamomin lissafi ba. Ga tarawa za ki ce: `jimla` ita ce tarin duk lambobin da na gani zuwa yanzu. Kafin ki ga ko ɗaya, tarin sifili ne, don haka maganar gaskiya ce tun daga farko. Ga naki kuwa za ki ce: `babba` ita ce mafi girma cikin lambobin da na gani zuwa yanzu. Kafin ki ga ko ɗaya babu wata mafi girma, kuma da kika sa 0 kin shigar da lambar da ba ta cikin jerin a gasar, ta kuma cinye. Domin maganar ta zama gaskiya, sai kin fara da lambar da kika gani da gaske:

```
babba = lambobi[0]
for n in lambobi[1:]:
    if n > babba:
        babba = n
print(babba)
```

`lambobi[0]` ita ce lamba ta farko a jerin, `lambobi[1:]` kuma sauran da suka biyo ta. Da -5 da -2 da -9, `babba` za ta fara da -5, ta koma -2, ta tsaya a nan. Yanzu ki gwada shi da jeri mai lamba ɗaya tak, za ki ga madaukin bai zagaya ba amma amsar daidai ce. Sannan ki ba shi jeri fanko. `lambobi[0]` zai tsayar da shirin da kuskure, domin babu lamba ta farko, kuma ko `max` na Python kuskure yake bayarwa idan aka miƙa masa jeri fanko. Sai ki sa `if` a sama ki yanke abin da shirinki zai faɗa a wannan hali, kamar yadda muka yi wa matsakaicin maki, ki turo mu gani.